Muhawara: Jam'iyyu biyu ne suka gurgunta majalisar dokokin Amurka, ko akwai wani dalili daban?

Malam_Ɗanjuma:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina so mu tattauna halin da majalisar dokokin Amurka take ciki, domin a gani na abin ya wuce saɓanin ra'ayi na yau da kullum. Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba na 2025 an yi kwana 43 ayyukan gwamnatin tarayya da dama suna tsaye, saboda majalisa ta kasa amincewa da kuɗin gudanarwa, kuma kafin lokacin ba a taɓa yin tsayawar da ta kai wannan tsawo ba a tarihin ƙasar. Kafin ita an yi ta kwana 35, tsakanin Disambar 2018 da Janairun 2019, a kan kuɗin gina katanga a iyakar Meziko. A Janairun 2023 sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakakin majalisar wakilai, kuma a Oktobar shekarar aka tsige shi, majalisar ta zauna kimanin mako uku ba ta da kakaki. Ra'ayina shi ne tsarin jam'iyyu biyu ne tushen wannan matsala. Idan ƙasa ta rabu gida biyu kawai, duk nasarar da ɗaya ya samu faɗuwar ɗayan ce, don haka babu wanda zai yarda ya taimaki abokin hamayyarsa ya yi abin da za a yaba masa. Me kuka gani?

Hajiya_Rakiya:
Wa'alaikumus salam, Malam Ɗanjuma. Na yarda da kai cewa majalisar tana cikin mummunan hali, amma ban yarda da dalilin da ka kawo ba. Rifablikan da Dimokurat su ne suke karɓa-karɓar mulkin Amurka tun wajen 1860, kuma a cikin wannan tsawon lokaci an yi shekaru masu yawa da majalisa take aiki sosai. Idan yawan jam'iyyun ne matsalar, ya kamata a ce cutar ta daɗe da bayyana. Dole akwai abin da ya sauya a cikin jam'iyyun su kansu.

Dokta_Habu_Zazzau:
Hajiya ta taɓo wurin da ya kamata a fara. A da, kowace jam'iyya gida ce mai ɗauke da mutane masu ra'ayoyi daban-daban. A cikin Dimokurat akwai 'yan Kudu masu tsananin riƙo da al'ada, waɗanda yawancinsu suke goyon bayan wariyar launin fata, tare da 'yan ƙwadago na manyan biranen Arewa. A cikin Rifablikan kuma akwai masu sassaucin ra'ayi daga Arewa maso Gabas. Saboda haka duk ƙudurin da aka kawo, ana iya samun masu goyon bayansa a ɓangarorin biyu. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariya a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki, ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 73 da 27, kuma da ba don ƙuri'un 'yan Rifablikan ƙarƙashin jagorancin Everett Dirksen ba, da Shugaba Lyndon Johnson bai iya karya turjiyar 'yan jam'iyyarsa na Kudu ba.

To, wannan dokar da ta 'yancin zaɓe ta 1965 su ne suka fara sauya fasalin siyasar ƙasar. Sanata Strom Thurmond ya bar Dimokurat ya koma Rifablikan a 1964, kuma a hankali, cikin shekaru kusan 30, farar fatar Kudu suka bi sahu. Yau idan ka san inda mutum yake zaune, birni ko ƙauye, ka san yawan zuwansa coci, ka san ko ya yi jami'a, to da wuya ka kasa faɗin jam'iyyar da yake zaɓa. Jam'iyya ta haɗe da addini da launin fata da wurin zama, ta zama wani ɓangare na asalin mutum. Wanda ya saɓa maka a kan haraji za ka iya sasantawa da shi, ku raba bambancin gida biyu. Wanda kake ganin yana barazana ga addininka ko ga mutuncin al'ummarka kuwa, sasantawa da shi cin amana ce a idon mutanenka.

Ɗan_Agadas:
Dokta, bayaninka ya gamsar, sai dai ina ganin bai kamata a bar Newt Gingrich a baya ba. Shi ne ya jagoranci Rifablikan suka karɓe majalisar wakilai a zaɓen 1994, bayan shekara 40 tana hannun Dimokurat, kuma shi ya koya wa 'yan jam'iyyarsa cewa hanyar samun rinjaye ita ce a daina haɗa kai da masu mulki, a nuna wa jama'a cewa majalisar ta ruɓe. Tsayawar ayyukan gwamnati ta kwana 21 a ƙarshen 1995 zuwa farkon 1996, lokacin Bill Clinton, a zamanin kakakancinsa aka yi ta.

Maman_Sadiq_Bronx:
Ni a nan Amurka nake zaune tare da iyalina, kuma ina so in gaya muku yadda abin yake a ƙasa, domin daga nesa mutum zai ɗauka rikicin manya ne kawai. Lokacin tsayawar 2025 maƙwabcinmu, wanda ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kullum yana fita aiki da asuba amma babu albashi, saboda aikinsa yana cikin waɗanda doka ta ce ba za a dakatar ba. Kuɗin haya bai jira shi ba, kuɗin wuta ma haka. Matarsa ta zo ta karɓi rancen shinkafa da mai a wurina, tana jin nauyi ƙwarai, alhali mutane ne masu rufin asiri. A watan Nuwamba kuma tallafin abinci da sama da mutum miliyan 40 suke dogara da shi ya shiga ruɗani, aka kuma rage tashin jirage a manyan filayen jirgin sama 40. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne su 'yan majalisar albashinsu bai tsaya ba.

Barista_Nura:
Allah Ya saka miki da alheri, Maman Sadiq, da abin da kika yi wa maƙwabta. Ina so in ƙara wani bayani na shari'a, domin mutane da yawa suna mamakin yadda jam'iyya za ta riƙe fadar shugaban ƙasa da majalisun biyu, amma ta kasa zartar da kasafi. A majalisar dattawa mai kujeru 100, ƙa'idar zama ta ce ba za a rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori ba sai da ƙuri'a 60. Wannan ba ya cikin kundin tsarin mulki, ƙa'idar majalisar ce kawai, kuma a 1975 aka mai da adadin 60. A 2025 Rifablikan suna da kujeru 53, don haka suna buƙatar ƙuri'un ɗaya ɓangaren, su kuma Dimokurat suka ce ba za su bayar ba sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya. Ba a buɗe gwamnati ba sai da sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat suka tsallaka.

Ku kwatanta da Najeriya, wadda ta aro tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko daga Amurka a 1979. Sashe na 82 na kundin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har tsawon wata shida idan ba a zartar da kasafi ba. Amurka ba ta da irin wannan ƙofa, shi ya sa jinkirin kasafi a wurinsu yake zama makami.

Malam_Ɗanjuma:
Barista, ai wannan yana ƙarfafa maganata ne. Da a ce akwai jam'iyya ta uku mai kujeru 15 ko 20 a majalisar dattawa, da duk mai neman ƙuri'a 60 zai je ya lallashe ta, ba sai ya durƙusa wa babban abokin gabarsa ba.

Hajiya_Rakiya:
Malam Ɗanjuma, yawan jam'iyyu ma yana da nasa ciwon. Isra'ila ta yi zaɓe sau biyar tsakanin 2019 da 2022 saboda an kasa kafa gwamnati mai ɗorewa. Beljiyam ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011 ba ta da cikakkiyar gwamnati. A Jamus gwamnatin haɗin gambizar jam'iyyu uku ta rushe a Nuwambar 2024, kuma a kan kasafi ne. Ingila kuwa jam'iyyu biyu ne suka daɗe suna mulkinta, amma ba ka jin an rufe ma'aikatu, domin wanda yake da rinjaye a majalisa shi ne yake da gwamnati, idan ya kasa zartar da kasafi sai ya sauka. Matsalar Amurka ita ce an gina tsarin ne a kan rarraba iko tsakanin shugaban ƙasa da majalisu biyu da kotu, wanda ba ya tafiya sai da sasantawa, sannan aka wayi gari da jam'iyyun da ba sa son sasantawa.

Alhaji_Zango_Kumasi:
Ku ba ni dama in kawo namu na Gana, domin mu ma jam'iyyu biyu ne suke juya ƙasar tun 1992, wato NDC da NPP. A zaɓen 2020 kowacce ta samu kujeru 137 a majalisa mai kujeru 275, sai ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya, na mazaɓar Fomena, wanda ya jingina da NPP. Daren zaɓen kakaki, a Janairun 2021, sai da sojoji suka shiga zauren majalisa, kuma a ƙarshe Alban Bagbin na NDC ne ya zama kakaki alhali Nana Akufo-Addo na NPP yana shugaban ƙasa. A Disambar 2021 'yan majalisa suka ba hammata iska a kan harajin tura kuɗi ta waya, wanda ba a zartar ba sai a Maris na 2022, bayan 'yan adawa sun fice daga zauren. Mu 'yan kasuwa mun ji jiki a lokacin, domin ba ka san abin da za a wayi gari da shi ba.

Duk da haka, ga abin da nake so ku lura da shi. A Disambar 2024 Mahamudu Bawumia na NPP ya fito ya amince da shan kaye a zaɓen shugaban ƙasa a hannun John Mahama na NDC tun kafin hukumar zaɓe ta sanar da sakamako. A zangonmu za ka ga wa da ƙane, ɗaya NDC ɗaya NPP, suna gardama har jijiyar wuya, amma in an kira salla sahu ɗaya suke tsayawa. Jam'iyyu biyu ba su hana mu karɓar kaye ba.

Sadiya_Katsina:
Baba Alhaji, wannan batu na amincewa da kaye shi ne a wurina ya fi komai girma. Abin da ya faru ranar 6 ga Janairun 2021, da magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisa ana tsakiyar tabbatar da nasarar Joe Biden, ya nuna cewa rabuwar ta wuce batun kasafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2000 Al Gore na Dimokurat ya rasa jihar Fulorida da ƙuri'a 537 kacal, Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙidaya, ya fito ya amince. Shekara 20 bayan haka al'adar ta karye.

Injiniya_Bello:
Ina ganin har yanzu ba a ambaci abin da yake tsorata ɗan majalisa ba. Kujerun majalisar wakilai 435 ne, ana zaɓe duk shekara biyu, amma mafi yawansu tun kafin a kaɗa ƙuri'a an san jam'iyyar da za ta ci. Wani ɓangare na dalilin shi ne mutane masu ra'ayi ɗaya suna zaune wuri ɗaya, wani ɓangaren kuma shi ne a jihohi da yawa 'yan majalisar jiha ne suke shata iyakokin mazaɓu bayan ƙidayar jama'a, kuma suna shata su yadda jam'iyyarsu za ta amfana. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙarar shata mazaɓu don amfanin jam'iyya. A 2025 Teksas ta sake zana mazaɓunta ba tare da jiran sabuwar ƙidaya ba, da nufin ƙara wa Rifablikan kujeru biyar, Kalifoniya kuma ta rama da nata don amfanin Dimokurat.

Idan kujerarka ta tabbata ga jam'iyyarka, to babban zaɓe ba ya ba ka tsoro. Zaɓen fid da gwani ne yake hana ka barci, kuma masu fitowa wannan zaɓe kaɗan ne, yawancinsu masu zafin ra'ayi. Eric Cantor yana shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2014 a hannun wani malamin kwaleji da ba a san shi ba. Daga cikin 'yan Rifablikan goma da suka kaɗa ƙuri'ar tsige Trump a Janairun 2021, biyu ne kawai suka dawo majalisa bayan zaɓen 2022, kuma Liz Cheney tana cikin waɗanda aka kayar a zaɓen fid da gwani. Duk ɗan majalisar da ya ga wannan ya ɗauki darasi: haɗa kai da abokan hamayya ya fi rufe gwamnati haɗari ga kujerarsa.

Ɗan_Agadas:
Injiniya, shata mazaɓu ba ya shafar majalisar dattawa, tun da kowace jiha sanata biyu take da su kuma iyakar jiha ba ta sauyawa, amma can ma rabuwar tana nan. Don haka bai isa ya zama babban dalili ba.

Injiniya_Bello:
Gaskiya ne, Malam, shi ya sa na fi ɗora nauyin a kan zaɓen fid da gwani, wanda ya shafi sanata kamar yadda ya shafi wakili.

Barista_Nura:
Domin a ga zurfin sauyin a majalisar dattawa, a duba yadda ake tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli. Antonin Scalia, mai ra'ayin riƙau, ya samu ƙuri'a 98 babu ko ɗaya da ta ƙi shi a 1986. Ruth Bader Ginsburg, mai sassaucin ra'ayi, ta samu 96 da 3 a 1993. A 2016 Barack Obama ya gabatar da Merrick Garland, Mitch McConnell, shugaban 'yan Rifablikan masu rinjaye a majalisar dattawa a lokacin, ya ƙi ko saurarensa da hujjar cewa shekarar zaɓe ce, amma a 2020 aka tabbatar da Amy Coney Barrett, wadda Trump ya gabatar, da ƙuri'a 52 da 48, saura kwana takwas zaɓe. Kada kuma a ɗauka laifin na ɓangare ɗaya ne. Harry Reid na Dimokurat ne ya fara cire sharaɗin ƙuri'a 60 a kan naɗin alƙalan ƙananan kotuna da muƙaman gwamnati a 2013, McConnell ya ƙarasa shi a kan Kotun Ƙoli a 2017. Kowane ɓangare yana kafa hujja da abin da ɗayan ya yi jiya.

Maman_Sadiq_Bronx:
Ku ƙara da kafofin labarai. A wurin aikina akwai mata biyu, ɗaya Fox News kawai take kallo, ɗayar kuma tashar da ta karkata ga Dimokurat. Idan abu ya faru, ba fassararsa kaɗai suke saɓawa a kai ba, har ko ya faru ko bai faru ba. Yanzu sun daina cin abincin rana tare.

Dokta_Habu_Zazzau:
Wannan gaskiya ne, kuma yana da tarihi, domin a 1987 aka soke ƙa'idar da take tilasta wa gidajen rediyo da talabijin kawo ɓangarori daban-daban a kan batutuwan da ake taƙaddama. Amma ina so in ja hankalinmu kada mu wuce gona da iri. Majalisar ba ta mutu ba. A 2021 dokar gina hanyoyi da gadoji ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 69 da 30, har da 'yan Rifablikan 19. A 2022, bayan kisan yara a makarantar Uvalde, an yi dokar taƙaita mallakar bindiga da goyon bayan ɓangarorin biyu, ko da yake ba ta yi nisa ba. Inda take gazawa shi ne manyan batutuwan da jam'iyyu suke kamfe da su. Gyaran dokar shige da fice ya wuce majalisar dattawa da 68 da 32 a 2013, majalisar wakilai ta ƙi ko kawo shi zaure. Sakamakon haka shi ne kowane shugaba yana mulki da umarnin zartarwa, wanda ya gaje shi ya soke a makonsa na farko, kotu kuma ta zama wurin da ake yanke abin da majalisa ta guje wa. Tarihin ƙasar ma ya ga abin da ya fi haka muni, domin a 1856 ɗan majalisa Preston Brooks ya yi wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda a cikin zauren majalisar dattawa a kan batun bauta, shekara biyar kafin yaƙin basasa.

Sadiya_Katsina:
Dokta, misalin naka na ƙarshe bai kwantar mini da hankali ba, tun da ka faɗi abin da ya biyo bayansa.

Malam_Ɗanjuma:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, na gode. Amma ku duba, duk dalilan da kuka kawo, zaɓen fid da gwani da shata mazaɓu da kafofin labarai, suna yin tasiri ne saboda mai zaɓe ba shi da wurin zuwa na uku. Wanda ya gaji da jam'iyyarsa ba zai iya barinta ba, domin barinta taimakon wadda ya fi tsoro ne. Ross Perot, ɗan takarar shugaban ƙasa mai zaman kansa, ya samu kusan kashi 19 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa a 1992, amma bai samu ko wakili ɗaya ba daga cikin wakilan jihohi 538 da suke zaɓen shugaban ƙasa. Tsarin da yake ba wanda ya zo na ɗaya komai, ya hana na biyu da na uku komai, shi ne yake haifar da jam'iyyu biyu, su kuma suna kare shi. Har yanzu ina kan bakana.

Injiniya_Bello:
Malam Ɗanjuma, idan haka kake nufi, to maganarka ta koma kan yadda ake ƙirga ƙuri'a, kuma akwai jihohin da suka gwada sauya shi. A Maine da Alaska mai zaɓe yana jera 'yan takara daga wanda ya fi so zuwa na ƙasa, idan gwaninsa ya faɗi ƙuri'arsa ta koma kan na biyu. Alaska ta ƙara da haɗa zaɓen fid da gwani ya zama ɗaya ga kowa, huɗun farko su wuce babban zaɓe. Da wannan tsari Sanata Lisa Murkowski ta Rifablikan ta ci zaɓen 2022 a Alaska, duk da cewa ta kaɗa ƙuri'ar samun Trump da laifi a 2021 kuma ya mara wa abokiyar takararta baya.

Hajiya_Rakiya:
Sai dai a zaɓen 2024 masu zaɓe a Nebada da Kolorado da Aidaho da Oregon duk sun ƙi amincewa da irin wannan tsari, kuma a Alaska ɗin ma yunƙurin soke shi ya faɗi ne da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba. Jama'ar da suke kuka da majalisa su ne suka ƙi sauya hanyar zaɓenta. Alhaji na Kumasi, ina so ka gaya mana yadda NDC da NPP suke fid da 'yan takarar majalisa a wurinku, wakilai ne suke zaɓa ko duk 'yan jam'iyya, domin mu gwada maganar Injiniya a kan ƙasar da ba Amurka ba.